Ɗana Ya Daina Amsa Mini da Hausa a Waje

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya noma har Allah ya yi masa cikawa a nan. Ina da takardar jinsiya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, da lambar ɗan ƙasa kamar kowa. Amma tun da wasu yara a makaranta suka ce wa ɗana mai shekara 11 ya koma ƙasarsu, ya daina amsa mini da Hausa a kasuwa, har yana roƙon mahaifiyarsa kada ta kira shi da Hausa a bakin ƙofa. Ko ya dace mu bar Hausar domin yaron ya samu sukuni?

Daga wani uba a Gadarif

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya maka shi. Shawarata ita ce kada ku bari, kuma kada ka yi masa faɗa, domin abin da yake yi ba ƙin Hausa ba ne. Yaro ne da ya gano cewa harshen gidansu yana jawo masa gori, sai yake neman mafaka a cikin Larabci. Idan ku ma kuka yi shiru, zai ɗauka kun gaskata yaran nan, ya tashi da tunanin cewa akwai abin kunya a asalinsa.

Maganar da aka faɗa masa ta girme shi, ta girme ka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897, alhali babbar hijirar mutanenmu ta biyo bayan yaƙin Burmi ne a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuma sun zo ne bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, lokacin da gonakin auduga na Jazira suke neman hannu. Ta haka mutanen da suka nome ƙasar nan da guminsu suka shafe shekaru doka tana kallonsu a matsayin baƙi. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma ofis yakan canja takarda cikin yini guda, bakin mutane kuwa ba ya canjawa da wannan saurin. Mun ga haka a watan Yulin 2022 a jihar Nilul Azraƙ (Blue Nile), lokacin da Hausawa suka nemi sarautar gargajiya tasu, aka tayar da maganar wane ne mai ƙasa, aka rasa rayuka fiye da 100. Yaran da suka gori ɗanka a gidajensu suka ji.

Takardar jinsiya haƙƙinka ce, ka riƙe ta da kyau, ka tabbatar yaron yana da tasa lambar. Sai dai takarda a aljihu take zama, ba ta sa a neme ka ranar da aka yi rasuwa a layinku. Wani masanin halayyar jama'a ɗan Amurka, Gordon Allport, ya bayyana tun 1954 cewa haɗuwa kaɗai ba ta rage ƙyama tsakanin ƙabilu, sai idan an haɗu a matsayi ɗaya, ana aiki tare kan buri ɗaya, manya kuma suna goyon bayan hakan. Na daɗe ina ganin gaskiyar wannan a unguwanninmu. A rumfar zaman makoki, ka lura da mutumin da ke riƙe da kashif, takardar nan da ake rubuta gudummawar kowa: ba ya tambayar ƙabila, suna yake rubutawa da adadin kuɗi, kuma sunan da ya saba fitowa a takardar nan shi ne ɗan unguwa. Haka tabarmar buɗa baki a bakin titi cikin azumi, haka nafir, wanda mu muke kira gayya, haka tukwanen takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwa, da suka ciyar da jama'a tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.

A nan dole in faɗa mana gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Wasunmu, saboda gorin da suka sha, sun janye jiki gaba ɗaya, masallacinsu daban, adashinsu daban, ba sa taka ƙafa a kwamitin unguwa. Na fahimci dalili, amma wanda ba ya nan shi ake yi wa ƙarya a yarda. Zumunci a ƙafa yake. Ka riƙa tafiya da yaron wuraren nan, ka ɗora masa tiren abinci ya kai tabarma da kansa, ya ga maƙwabta suna miƙe wa mahaifinsa, ya ji ka gaisa da wannan da Larabci, ka juya ka gaisa da wancan da Hausa, ba tare da ka sassauta murya ba.

Ka kuma ba shi abin faɗa. Ya san cewa agashe da mutanen Khartum suke yi wa layi sunansa ma Hausa ne, kuma A'isha Falatiya, wadda tana cikin matan farko da suka rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, daga cikinmu ta fito. Sannan ka je wurin shugaban makarantar cikin natsuwa, ka nemi a ja kunnen yaran a cikin aji, domin shirun malami a wurin yara izini ne.

Idan ya amsa maka da Larabci a kasuwa, ka ƙyale shi, kai dai ka ci gaba da Hausarka. Wata Juma'a bayan an sauko, ka kama hannunsa ku je maƙabartar da aka binne kakanka, ku yi masa addu'a, ka nuna masa gonar da ya fara sara, ka faɗa masa shekara nawa ke nan.