Saƙon da ya ɓace a Gmail: yadda mai amfani da TalkBack da NVDA zai nemo shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai lalurar gani a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina zaune a Runjin Sambo, nan Sakkwato. Manhajar karanta allo ta TalkBack nake amfani da ita a waya, ta NVDA kuma a kwamfuta. Wani saƙo ne mai muhimmanci, na neman tallafin karatu, na saurare shi a makon jiya, yanzu na duba sama da ƙasa ban same shi ba. Zai dawo kuwa? Kuma yaya zan tsara akwatina don kada a maimaita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, don da wuya in saƙon nan ya goge. Abin da na fi zato shi ne an ɗauke shi daga Inbox an adana shi a wani wuri, kuma da yatsunka hakan ta faru ba tare da ka sani ba. A manhajar Gmail ta waya, idan aka ja saƙo zuwa dama ko hagu, sai ya bar Inbox ya koma ma'adana. Shi kuma TalkBack, duk jan da ka yi da yatsu biyu, miƙa shi yake yi ga manhajar kamar jan yatsa ɗaya. To kana ƙoƙarin gangarawa ƙasa da yatsu biyu, hannu ya ɗan karkace gefe, shi ke nan saƙo ya tafi. Sanarwar da ke ba ka damar dawo da shi kuwa 'yan daƙiƙoƙi take yi ta ɓace.

Kada ka ɓata lokaci wajen bin folda ɗaya bayan ɗaya. Ka shiga wurin bincike da ke saman manhajar, ka rubuta in:anywhere, ka ba da tazara, sannan ka ƙara kalma guda da ka tuna daga saƙon ko sunan wanda ya aiko. Amfanin wannan kalma shi ne, binciken yau da kullum ba ya leƙa Spam, inda Gmail ke tara saƙonnin da yake zargin na banza ne, da Trash, ita kuwa ko'ina take shiga. In saƙon na ɗauke da takarda, ƙara has:attachment zai rage maka yawan abin da za ka saurara. Da ka same shi, ka buɗe, ka nemi More options, ka zaɓi Move to, sannan Inbox, ko Primary in shi wayarka ta ambata.

Idan a kwandon shara ka tarar da shi, wato Trash, wanda wasu wayoyin ke kira Bin, to ka fitar da shi yau ɗin nan. Kwana 30 Gmail ke riƙe abin da ke can, haka ma Spam, daga nan sai ya share gaba ɗaya. Tunda makon jiya ne, kana da sauran lokaci. Wanda nasa ya wuce wannan wa'adi, in adireshin na makaranta ne ko wurin aiki da ke kan Google Workspace, mai kula da tsarin na iya dawo da shi cikin kwana 25 bayan sharewar. In na kashin kai ne, mafi sauƙi a roƙi mai aikowa ya sake turowa.

Akwai wata maɓoya da ke wahalar da masu sauraro ƙwarai. Gmail na ɗaure saƙonni masu take ɗaya wuri guda, sai manhajar karanta allo ta karanto maka na ƙarshe, na tsakiya su zauna a naɗe. A ganina duk mai dogaro da kunne ya kashe Conversation view a Settings. Ka kuma kashe rabe-raben nan na Promotions da Social da Updates, komai ya riƙa sauka wuri ɗaya. Sannan ka shiga General settings, ka nemo Swipe actions, ka mai da jan dama da na hagu zuwa None. Wannan gyara kaɗai ya toshe ƙofar da nake zargi.

Batun tsari kuma, a nan nake saɓawa da masu cewa a buɗe wa kowane abu folda. Mai ido kallo ɗaya yake yi wa folda talatin ya tsinci tasa, kai kuwa sai ka saurare su bi da bi. Huɗu ko biyar sun isa. Ka ba su gajerun sunaye da suka bambanta tun daga harafin farko, kamar Makaranta, Banki, Tallafi, Iyali. Kada ka fara dukkansu da kalma ɗaya, irin "Saƙonnin kaza", don kunne zai gaji kafin ya kai ga bambancin. Da yake Gmail na jera su bisa haruffa, sa lamba a gaba, kamar 1 Makaranta, zai hau da wadda ka fi buƙata sama. Ka sani kuma abin da Gmail ke da shi laƙabi ne da ake manna wa saƙo, saboda haka goge laƙabi ba ya goge saƙonnin da ke ƙarƙashinsa, suna nan a All Mail, wato wurin da ke tattare saƙonninka, har da waɗanda aka adana.

Wannan aiki a kwamfuta ya fi daɗi, kuma a can ne ake ƙirƙirar matata, wato Filter, da za ta riƙa manna laƙabin da kanta. Ka sa mata adireshin masu tallafin, ka zaɓi laƙabin Tallafi, ka kuma zaɓi Never send it to Spam. Tun da Google ya janye sassauƙan shafin Basic HTML a 2024, wanda makafi da yawa suka saba da shi, gajerun hanyoyin madannai ne suka zama abin dogaro. Ka kunna Keyboard shortcuts a Settings, ka danna maɓallin NVDA tare da Space don haruffan su isa ga Gmail. Daga nan g sannan a zai kai ka All Mail, g sannan i ya dawo da kai Inbox, v ya matsar da saƙo. Ka yi hattara da e, domin shi ke adana saƙo, alamar # kuma ke jefa shi kwandon shara. In hannu ya kuskure, ka danna z nan take, abin zai dawo.