Hukuncin allurar bitamin B12 ga mai azumi, da yin ta a kemis ba tare da gwaji ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata tana da ciwon suga, ta daɗe tana shan metformin. Kwanan nan tafin ƙafafunta ya fara yi mata zugi, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya, ga kasala. An gwada jininta, likita ya ce bitamin B12 ya yi ƙasa, ya rubuta mata allura. In aka yi mata da rana a Ramadan, azuminta ya karye? Ni ma ina yawan jin gajiya, mai kemis ya ce in zo ya yi min irinta. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba mahaifiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Azuminta bai karye ba. Abin da aka hana mai azumi shi ne ci da sha, da duk abin da ya tsaya a matsayinsu. Malamanmu na Malikiyya sun rataya hukuncin ga abin da ya isa maƙogwaro ko ciki. Wannan allura kuwa miligiram 1 ce, ana yin ta a tsoka, ba ta ƙosar da mai yunwa, ba ta kashe ƙishirwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 10 a Jidda a shekarar 1997, ta tabbatar da cewa allurar magani a fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, sai wadda take ciyar da jiki. Don haka ƙarin ruwa mai gulukos yana karyawa, kuma in aka zuba bitamin a cikin ledar ruwan, hukuncin na ruwan ne: ta sha azumin, ta rama.

In da hali a yi allurar bayan buɗa-baki, ya fi kwantar da hankali. Amma kada a ɗage ta zuwa bayan Sallah. Ƙarancin B12 yana cin jijiyoyi, in aka yi jinkiri mutuwar ƙafar na iya zama ta dindindin, kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa. Metformin, in an daɗe ana sha, yana rage yadda hanji ke tsotse wannan bitamin. Akwai kuma waɗanda cikinsu ya daina samar da sinadarin da ke riƙe B12 ya kai shi jini, da waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na ciki ko hanji. Irin waɗannan ko sun ci hanta da ƙwai da kifi kullum ba zai wadatar ba, shi ya sa ake bi ta allura. Tsarin da aka saba shi ne sau 3 a mako har mako 2, sannan duk bayan wata 2 ko 3. Mai matsalar jijiya akan yi masa kwana ɗaya a tsallake ɗaya har sai sauƙin ya daina ƙaruwa. Ku bi abin da likitanta ya rubuta. Ku kuma tambaye shi ko ciwon sugan nata zai bar ta ta yi azumin ma, domin Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara.

Kai kuma, ɗan'uwa, ban ga halaccin ka miƙa jikinka ba tare da gwaji ba. Gajiya tana zuwa daga ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko rashin barci, kuma B12 ba ya maganin ko ɗaya cikinsu. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da ilimin ba, shi ne zai ɗauki alhakin ɓarnar. Ɓarnar kuwa a fili take: allurar ɗuwawu in aka kuskure gurbinta, ba a yi ta a ɓangaren sama ta waje ba, tana taɓa babbar jijiyar ƙafa, mutum ya koma jan ƙafa. Sirinjin da aka maimaita yana yaɗa ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau. In kuma allurar B-complex zai yi maka, wato haɗin nau'o'in bitamin B wuri ɗaya, tana da bitamin B1, wanda kan tayar wa wasu da mummunan borin jini har numfashi ya sarƙe, ga shi kemis ba ta da kayan ceto.

Ka je asibiti a auna jininka. In ƙarancin na abinci ne, nama da madara da ƙwai ko ƙwayar magani sun isa. Kada kuma ka sayi folik asid, wato bitamin B9, ka yi ta sha da kanka, domin yana gyara adadin jini ya ɓoye ƙarancin B12, jijiya kuwa tana ci gaba da lalacewa.

Wallahu a'alam.