Me malamin tuƙin jirgi zai zuba a jakarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu lasisin koyar da tuƙin ƙananan jirage, wata mai kamawa zan fara karɓar ɗalibai. Jakata ta ɗalibta ta cika maƙil. Me zan riƙe, me zan bari a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Zazzage jakar nan kaf tukuna. Kana ɗalibi kanka kawai kake yi wa tanadi, yanzu kuwa rabin abin da za ka ɗauka na ɗalibin da ke kujerar hagu ne. Kuma ka tuna jirgin koyo ba ya son kaya. Cessna 152, ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu, ba a yarda ya tashi da nauyin da ya haura kilo 757 ba, shi da mai da mutane duka. Manya biyu da cikakken tanki sun kusa cinye wannan.

Lasisi da takardar shaidar lafiya ba sa rabuwa da jikinka, wannan ka sani.

Inda zan ce kada ka yi ƙoro shi ne lasifikar kunne mai makirufo. Ɗalibi awa ɗaya zai yi ya tafi gida, kai za ka wuni a bayan farfela, yau da gobe, kuma ji idan ya tafi ba ya dawowa. Sayi mai kashe ƙara, irin na Bose ko Lightspeed ko David Clark, ka riƙa ajiye batir na ko-ta-kwana a aljihun gefe. Batir ba ya mutuwa sai ana tsakiyar magana da hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage.

Sai kofin gwajin mai. Kada ka dogara da wanda ake bari a jirgi, yawo yake yi. Ka tsaya kusa da ɗalibi ya tatsi man daga ƙarƙashin fiffike, ya ɗaga kofin sama ya duba: man 100LL, wato fetur ɗin ƙananan jirage, shuɗi-shuɗi ne, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, sai ya kwanta a gindin kofin kamar ƙwayar idon kifi. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba ya sake yin gwajin da garaje.

Kayan koyarwa ƙanana ne amma su ne aikin. Tabarau mai rufe gani, wanda ɗalibi zai sa ya daina leƙen waje ya dogara da agogunan jirgi. 'Yan takardu masu manne, ka liƙa ɗaya a kan agogo ka ce masa "wannan ya mutu, ya za ka yi?" Allon cinya da biro biyu, domin abin da ba ka rubuta a sama ba, kafin ku sauka ya ɓace. Ni har ɗan jirgin roba na wasan yara nake so, ya fi zane bayyana yadda jirgi ke karkata.

Ledar amai: biyu ko uku, a inda hannu zai kai nan take, ba can ƙasan jaka a bayan kujera ba. Ɗalibi ba ya faɗa, kunya yake ji. Za ka ga ya yi tsit, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yana yawan haɗiyar yawu. Miƙa masa ledar, buɗe masa iska, ka karɓi tuƙin.

iPad na da amfani wajen taswira, sai dai in rana ta dake shi yakan yi zafi ya kashe kansa, don haka riƙe taswirar takarda ta yankin da kuke atisaye. Ƙaramin rediyon hannu ma yana da rana. Idan na jirgi ya mutu, ka sa 7600, lambar da ke nufin rediyo ya mutu, a na'urar da ke nuna ka a rada, sannan ka nemi hasumiya da na hannun.

Tabarau na rana kada ya zama irin wanda in ka karkata kai allon waya ke yin baƙi, haka zai yi wa allunan jirgi. In akwai tashin dare, tocila mai jan haske, saboda ido na ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma nan da nan yake rusa wannan. Lura dai jan haske na ɓoye jan rubutu a taswira.

Gorar ruwa da ɗan abin taɓawa, don tsakanin ɗalibi da ɗalibi sau da yawa babu lokacin zama. Manyan littattafai kuwa bar su a ɗakin darasi.