Tambaya da Amsa: Idan annoba ta sake zuwa, ina makomar karatun yaranmu a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makarantar kuɗi a Agege. Ɗalibanmu sun kai 400, galibinsu 'ya'yan Hausawa. Lokacin korona mun yi wata shida a rufe, yara suka dawo wasu ko haɗa baƙi sun manta. Wa ke da ikon rufe makaranta a Legas, kuma me ya kamata mu tanada tun yanzu? (Mai karatu daga Agege)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ikon rufewa da buɗewa na gwamnatin jiha ne, ta hannun ma'aikatar ilimi, bisa shawarar ma'aikatar lafiya. A ƙarƙashin ma'aikatar ilimi an kasa makarantun sakandare na gwamnati gida shida, wato gundumomin ilimi, kowace da babban sakatarenta. Gunduma ta ɗaya a nan Agege ofishinta yake, tana kula da Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye. Firamare kuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke riƙe da su. Ku masu makarantun kuɗi, ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha ne ke sa muku ido, don haka ku tabbatar takardunku na rajista suna nan daidai. Makarantar da hukuma ba ta san da zamanta ba, sanarwa ba ta isa gare ta sai ta bakin maƙwabta.

Ku duba yadda abin ya gudana a 2020. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, aka rufe makarantu ranar 23 ga Maris. Tsakani bai kai wata guda ba. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare suka koma a farkon Agusta saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran kuma aka soma dawo da su rukuni-rukuni daga 21 ga Satumba. A 2014 ma, da Ebola ta shigo a watan Yuli, an ɗage komawa makaranta bayan hutu. Sau biyu ke nan cikin shekara shida, kuma duk wanda ya jira sanarwa kafin ya fara shiri, a makare ya fara.

Abin da hukumomin ilimi ke yi, wanda ku ma za ku iya yi daidai ƙarfinku, shi ne rubuta tsari mai hawa-hawa. Akwai lokacin da cuta tana gari amma ba ta shigo makaranta ba, sai a ci gaba da karatu tare da tsaurara tsafta. Idan ta ƙara yaɗuwa a raba yara. Rufewa ita ce ta ƙarshe, kuma ko ita a kan fara da aji ɗaya kafin a kai ga makaranta baki ɗaya. Kowane hawa a rubuta sunan wanda zai yi aikin da wanda zai gaje shi idan ya kwanta. Nan ne mafi yawan tsare-tsare ke rushewa: komai na kan hedimasta, ranar da zazzaɓi ya kama shi ba wanda ya san inda makullin sito yake.

Sai ruwa, wanda a ganinmu ya fi kowane abu muhimmanci. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo shi ne lita 5 ga kowane mutum a rana, ta kwana lita 20, ban da na ban-ɗaki. Yara 400 lita 2,000 ke nan, jarka 80 mai lita 25. Idan 'yan garuwa ke kawo muku, kura mai jarka goma sai ta yi sahu takwas kullum, kuma alwalar azahar ba ta cikin wannan lissafi. Ku yi magana da su tun yanzu, ku ajiye tankin da zai riƙe ku kwana biyu idan wuta ta ɗauke, injin burtsatse ya tsaya.

Bokiti mai famfo kuma ba a sayensa da ka. Yaro ɗaya na cin kamar daƙiƙa 30 a wanke hannu da sabulu, ke nan famfo ɗaya na sallamar yara 40 cikin minti 20. Ku na buƙatar goma. Idan kuka sa biyu a bakin ƙofa, layi zai kai titi, yara su cunkushe suna ture juna, mai gadi ya gaji ya ce kowa ya wuce. An taru an shaƙi numfashin juna, hannu kuma bai wanku ba.

Game da raba aji: ɗaki mai mita 7 da mita 8, idan aka bar wa malami fili a gaba aka ba da tazarar mita ɗaya, da ƙyar ya ɗauki yara 24. Ajin mutum 48 sai a raba biyu. Mun fi son rabon kwana, wato rukuni ɗaya yau ɗaya gobe, a kan rabon safe da yamma, domin na yamma yana cin lokacin Islamiyya, ga cunkoson titi, ga malami ɗaya na koyar da darasi ɗaya sau biyu har murya ta dishe. 'Yan gida ɗaya a haɗa su rana ɗaya. A buɗe tagogi ta ɓangare biyu, kada rukunonin su haɗu a filin wasa ko wurin mai sayar da abinci.

Abu na ƙarshe, Alhaji, albashi. Da kuɗin makaranta ya tsaya a 2020, malaman makarantun kuɗi da yawa sun kama wata sana'a ba su dawo ba. Ku riƙa ware wani abu kowane zango har ya kai albashin wata biyu.

Tambaya: Ina shugabantar wata Islamiyya ta mata da yara a Idi-Araba. Muna da ruwan bilic da na'urar auna zafin jiki, amma ba mu san yadda ake haɗa ruwan ba. Kuma idan yaro ya fara rashin lafiya a aji, yaya za mu yi? (Malama daga Idi-Araba)

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Ki fara duba jikin robar. Mafi yawan bilic na kasuwa ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, kuma a kansa muka yi wannan lissafi. Don goge benci, hannun ƙofa da kan famfo, kofi ɗaya na bilic a zuba masa kofi 34 na ruwa. A bokitin lita 20, rabin lita da ɗan ɗori ke nan. Inda aka yi amai ko gudawa ko jini ya zuba, kofi ɗaya ne da kofi 6 na ruwa, a rufe wurin da tsumma, a zuba, a bari minti goma kafin a kwashe, mai aikin da safar hannu.

Kuskuren da aka fi yi uku ne. Ana haɗawa a ajiye mako guda, alhali ƙarfinsa na gudu, musamman a rana, don haka kullum da safe a haɗa sabo. Ana zubawa a kan datti, alhali sai an fara wankewa da ruwa da sabulu yake aiki. Na ukun shi ne mai haɗari: gauraya shi da ruwan wanke masai ko wani sinadari, wanda ke tayar da iska mai ƙona huhu. Kada a fesa wa yara a jiki, kada kuma a goge Alƙur'ani ko allo da shi. Kowa ya riƙe nasa, a rage aron buta da kofi.

Na'urar goshi kada ki dogara da ita. Yaron da ya tako cikin rana za ta ce yana da zafi, wanda aka ba parasitamol a gida ta ce lafiya lau. A bar shi ya huta minti goma a inuwa a sake aunawa. Idan zafin ya kai digiri 38, a kai shi ɗakin da kuka ware mai taga, babba ɗaya ya zauna da shi, a kira iyaye, a rubuta sunansa da na waɗanda ke zaune kusa da shi. Idan yara biyu ko uku na aji ɗaya suka nuna alama iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ki sanar da cibiyar lafiya ta ƙaramar hukuma a ranar, kada ki jira shawarar kwamiti.

Ki kuma lura cewa ba kowace annoba takunkumi ke tare ta ba. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ta ruwa da abinci take bi. A irin wannan, randar sha da mai sayar da zoɓo a bakin ƙofa su ne abin dubawa. Yaro mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanyar asibiti: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tambaya: Ba ni da babbar waya, maigida kuma da tasa yake fita kasuwa. Idan aka ce karatu ya koma intanet, yarana uku sun tashi a tutar babu ke nan? (Uwa daga Alaba Rago)

Amsa: A'a, Hajiya. Ko a 2020 jihar Legas ta rediyo da talabijin ta fi isa ga yara, irin su Eko FM da Wazobia da LTV. Ƙaramar rediyo mai batir ta isa. Darussan dai ba da Hausa ake yi ba, don haka ki zaunar da babban kusa da ƙananan ya riƙa yi musu bayani, kowa da littafinsa da fensir, a kan lokaci guda kullum. Ki nemi makarantar ta riƙa buga aikin mako a takarda, a karɓa ranar Litinin a mayar wata Litinin, domin aikin da malami bai duba ba yaro kan daina yi a mako na biyu. Ki ba su lambar waya biyu, taki da ta maigida. Idan kuma za ku tura yaran gida Arewa har abin ya lafa, ki sanar da makaranta, ki karɓi takardar da ke nuna ajin kowa da inda ya tsaya a kowane darasi, su tafi da ita.