Ina Labarin Kantin Kingsway?

Tambaya: Malam, mahaifiyata ba ta gajiya da ba mu labarin kantin Kingsway, inda take cewa a can aka sayo mata kayan aure. Su wa suka kafa shi, kuma me ya rufe shi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, kamfanin UAC, wato United Africa Company, wani babban kamfanin kasuwanci na Turawa, shi ne ya buɗe Kingsway a Legas a shekarar 1948, daga baya ya yi rassa a Ibadan da Fatakwal da Kano da Kaduna. Abin da ya bambanta shi da kasuwa shi ne, mutum zai tarar da yadi da tangaran da agogo da abincin gwangwani a gini guda, kowane kaya da kuɗinsa a manne a jikinsa, babu taya babu albarka, sai dai a biya a karɓi rasit.

Ƙarfin kantin, a ganina, shi ne ya zama rauninsa, domin akasarin hajarsa daga Turai ake shigo da ita. Da kuɗin man fetur ya faɗi bayan 1980, gwamnati ta taƙaita shigo da kaya, sannan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, har kayan suka fi ƙarfin ma'aikatan da a da su ne manyan masu saye. Daga nan rassan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sashen cin abincinsa kuwa shi ne tushen gidan cin abinci na Mr Bigg's, wanda UAC ya buɗe a Legas a 1986.