Tambaya da Amsa: Wace amfilifaya ce za ta ja tsofaffin sifikokin Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya sanyi. Dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana wasu manyan sifikoki biyu na katako, an rubuta AR-3a a gabansu, kuma mai gyara yace min masu om 4 ne, ance a hannun wani Bature ma'aikacin kuza ya saya lokacin da zai koma ƙasarsu. Rediyon da yake jona su ta daɗe da mutuwa. Na ɗauko su na haɗa da hom tiyata ɗina da aka rubuta wat 2000 a kwalinta, ina ƙara murya sai ta ɗau zafi ta kashe kanta, daga baya kuma sai warin ƙuna na ji, shi kenan ta tafi. Yanzu wani a Taminus yace in kawo kuɗi ya bani mai wat 5000. In saya ko yaya? Daga wani mai karatu, Anguwan Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba da rahama, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Kafin komai riƙe kuɗinka, kar ka sayi mai wat 5000 ɗin nan. Kuma dan Allah kar wani dillali ya ruɗe ka ka saki sifikokin nan da araha, don abin da Baba ya bar maku ba ƙaramin kaya bane. Kamfanin Acoustic Research na Amurka, wanda Edgar Villchur da Henry Kloss suka kafa, shi ya fito da AR-3a a 1967, kuma har yau masu son sauti suna farautarsu suna gyarawa. Akwatinsu a rufe yake ruf babu ramin iska, shi yasa bas ɗinsu ke fita a natse ba ya gurnani, amma kuma suna da cin wuta sosai, sai an tura masu ƙarfi kafin su buɗe murya.

Matsalarka tana wajen om 4 ɗin nan ne. Om shi ke nuna yadda sifika ke tare wa wuta hanya, in lambar babba ce wuta kaɗan ke wucewa, in ƙarama ce sai ta kwarara. Ɗauki misali amfilifaya ta turo bolt 20. Sifika mai om 8 za ta ja amfiya 2.5, wat 50 kenan. Mai om 4 kuwa a wannan bolt 20 ɗin amfiya 5 za ta ja, wat 100, ninki biyu cif, kuma duk wutar nan ta cikin taransifoma da taransistocin amfilifaya za ta bi, su ne za su sha zafin. Sannan om 4 ɗin ma ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, yana hawa yana sauka gwargwadon sautin da ke fita, a wani wurin sai ya faɗo ƙasa da 4. Hom tiyatarka an yi ta ne don 'yan ƙananan akwatunan da ta zo da su, kashe kanta da ta riƙa yi kuwa kariyar cikinta ce ke faɗa maka lodin ya fi ƙarfinta, da aka ci gaba da kunnawa sai aisi ɗin, wato ɗan guntun cikinta da ke ƙara ƙarfin sauti, ya ƙone.

Wat 2000 da 5000 da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali kuwa, in ka duba da kyau zaka ga PMPO a gefe, kuma wallahi lambar talla ce kawai, ba wani ma'auni tsayayye a bayanta. Irin wannan ƙaryar ce ta sa hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa ƙa'ida a 1974 cewa a riƙa rubuta ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa a ɗore, wanda ake kira RMS, a kuma faɗi a kan om nawa aka auna. Kai da kanka zaka iya kama su, juya bayan na'urar ka karanta wutar da take sha daga soket. Abin da ke shan wat 80 daga bango ta ina zai samo 2000 ya baiwa sifika?

Ni abin da nake so ka riƙe shi ne, ba mai yawan wat kake nema ba, mai jan lodi kake nema. Mota tana iya yin gudu a shimfiɗaɗɗen titi ka ɗauka jaruma ce, amma sai ta ɗauko kaya ta zo Hawan Kibo sannan ake sanin injin da ke cikinta, toh sifikokin Baba Hawan Kibo ne. Akwai wata 'yar amfilifaya NAD 3020 da ta fito a 1978, wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane gefe, amma ta yi suna ne saboda tana jan sifikoki masu ƙaramin om ba ta durƙushe ba. Ban ce ita zaka saya ba, ga AR-3a a falo babba ta yi kaɗan, na kawo ta ne don kaga lambar kan takarda ba ita ke magana ba.

In kaje saye, fara da leƙa bayan na'urar kusa da inda ake ɗaura wayar sifika. Yawanci akwai rubutu a wurin, in an sa 4 zuwa 16 toh an yarda ka jona mai om 4, in an sa 8 zuwa 16 ko 6 zuwa 16 ka ajiye ta ka wuce komai kyanta. Sai ka nemi takardar bayaninta, yanzu kusan kowace tsohuwar na'ura in ka rubuta lambarta a waya zaka samu, ka ga ko an rubuta ƙarfinta sau biyu, na om 8 da na om 4. Mai kyau ita ce wadda lambar om 4 ɗinta ta tashi sosai, misali 60 ta koma 90 ko 100. Wadda aka yi shiru a kan om 4 gaba ɗaya, akwai dalilin shirun. A ganina mai wat 60 zuwa 100 na gaskiya a kowane gefe ta ishe ka. Kuma ɗaga ta a hannu, tsohuwar amfilifaya ta ƙwarai nauyi gare ta saboda ƙaton taransifoma da faffaɗan ƙarfen da ke sanyaya ta.

Tsofaffin Sansui, Pioneer, Marantz, Kenwood, Yamaha da Technics na shekarun 1970 har yanzu suna faɗowa cikin kayan Beljiyam, kuma ni ina son su da irin sifikokin nan don zamaninsu ɗaya, amma kowace ka duba bayanta, suna kaɗai bai isa ba. Ka tuna sun kai wajen shekara 50, kafasitocin cikinsu sun gaji. Kar ka taɓa gwada irinsu a kan sifikokin Baba kai tsaye. Je da mai gyara ya sa mita a bakin fitar sifika ba tare da an kunna kiɗa ba, in ya ga wutar DC, wato irin ta batir, ta wuce milibolt 50 a duba ta tukuna, in ta kai bolt guda ko fiye toh za ta iya dafa maka wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bas. In kuma sabuwa kake so ka huta da jeka-ka-dawo wajen mai gyara, nemi amfilifaya ta sitiriyo mai layi biyu da aka rubuta om 4 ƙarara. Akwai ma ƙananan nan na zamani masu aisi TPA3255 na Texas Instruments, ba nauyi ba zafi sosai kuma suna jan om 4, sai dai su ƙarfinsu a adafta yake, in aka haɗa ka da ƙaramar adafta an rage mata rabin rai. Risiba, wato amfilifaya mai rediyo a cikinta, ta kallon fim mai layi biyar ko bakwai kuwa ba na baka shawararta, taransifoma ɗaya ake rabawa duk layukan, maɓallin 4 ko 6 da wasu ke da shi kuma rage ƙarfi yake yi don kar ta yi zafi, ba ƙara mata komai yake ba.

Kar kuma ka ce bari in sayi ƙarama don in tausaya wa tsofaffin sifikoki. Ƙaramar da aka murɗe har ƙarshe tana yanke kan sauti ta fitar da ƙara mai kaushi, kuma wannan na daga cikin abin da ya fi kashe tiwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririyar murya, tiwitar AR-3a ta asali kuwa samunta a Jos sai an sha wuya. Da ka ji murya ta fara tsagewa, rage.

Su kansu sifikokin a duba su kafin a kashe ko kwabo, musamman da suka zauna a kan na'urar da ta ƙone. Mita za ta nuna maka wajen om 3 zuwa 3.5 a kan mai om 4, wannan daidai ne, in ta nuna kusan sifiri akwai gaurayar waya a ciki. Duba zoben da ke zagaye da wufa, in na soso ne da wuya bai rube ba, ana canza shi kaɗai ba sai an yar da wufar ba, kuma ina roƙonka kar ka yarda mai gyara ya ciro ta ya sa maka ta mota. Maɓallai biyu na bayan akwatin su ma suna tsatsa har tiwita ta yi shiru a ɗauka ta mutu, wankewa suke so. Waya kuma sa ta jan ƙarfe zalla mai kauri, 1.5mm ko 2.5mm, kar ta yi tsayi ba dalili.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni shagon ɗinki gare ni, ina da risiba mai A da B da sifikoki huɗu duk masu om 4, in na danna A da B tare sai ta ɗauke. Ta lalace ne? Daga wata mai karatu, Bukur.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Da alama lafiyarta ƙalau. A yawancin risiba in kika danna A da B tare, sifika biyu ne ke hawa layi ɗaya, om 4 da om 4 sai su koma om 2, na'urar gida kuwa kaɗan ce ke jure haka. Shi yasa a bayanta sau da yawa zaki ga an rubuta cewa in za a haɗa A da B kowace sifika ta zama om 8 zuwa sama. Ki riƙa kunna A ko B ɗaya bayan ɗaya, kuma ki ɗauke yadi da zare daga kanta, ramukan saman nan ta nan take shan iska.

TAMBAYA: Salam. Yayana ya aiko min risiba daga Amurka, sannan muna da tsohuwar Ahuja irin ta masallaci a gida. Wacce zan jona wa sifikokina masu om 4? Daga wani mai karatu, Rikkos.

AMSA: Wa alaikas salam. Ta Amurka, in bayanta ya yarda da om 4, amma kar ka sa ta a soket tukuna. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, kayan cikin gida na Japan ma 100 ne. In ba ta da maɓallin canza bolt a baya sai ka nemi taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da risibar ke sha, ka sa sitabilaiza a gaba saboda hawa da saukar wuta, in fiyus ya ƙone kuma a sa mai lamba irin tasa, banda naɗa waya ko takardar sigari. Ahuja an yi ta ne don murya ta yi nisa, yawancin irin na masallaci layi ɗaya gare su ba sitiriyo ba. In dole sai ka yi amfani da ita na ɗan lokaci, ɗaura wayarka a COM da inda aka rubuta 4, sifika ɗaya tak, kuma kar ka kusanci inda aka sa 70V ko 100V, wannan na hon ne masu taransifoma a jikinsu, sifikar gida in ta hau wurin ko ita ko amfilifayar ɗaya zai ƙone.