Ku tambaya mu amsa: marbar, tangaran da gilashi

Tambaya daga wata Hajiya, unguwar Yantala a Yamai: Salamu alaikum Malam. Maigidana ya sa an ɗora muna marbar bisa teburin madafa, ƙanwata ta yanka lemun tsami a kai yanzu wajen ya dushe ba ya ƙyalli, na wanke da omo na sa jabel duk a banza. Mi ya kawo haka, ko dai jabu aka saida muna?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan tabon ma shi ne shaidar na gaske kuka saya. Marbar asalinshi dutsen farar ƙasa ne irin wanda ake siminti da shi a Malbaza, sai dai shi ya daɗe can ƙarƙashin ƙasa zafi da nauyi suka matse shi har ya sake jiki, to duk abu mai tsami cin shi yake, lemu ne, tsamiya ce, binegar ne. Ba dauɗa ce ta kwanta a kai ba, fuskar dutsen ce ta ciwu, shi ya sa wanki bai yi miki komai ba. Ki nemo mai aikin karo da ke da injin guga, zai bi wajen da mai kaushi sannan mai laushi yana zuba ruwa har ƙyallin ya dawo. Ƙanwar kuma dan Allah a sai mata katako ta riƙa yanka a kai.

Wannan laushin da ya ɓata miki rai shi masu sassaƙa ke nema wlh. A Carrara ta Italiya tun zamanin Rumawa ake fasa duwatsun nan, da dutsen can shahararren mai sassaƙa Michelangelo ya sassaƙa mutum-mutuminshi da ake ce ma David mai tsawon sama da mita 5 tsakanin 1501 da 1504, duk daga dunƙule guda. Suna farawa da guduma da ƙarfe mai tsini su zubar da manyan ɓangarori, su koma ƙarfe mai haƙora ya fidda siffa, sai magagari, sai guga, kuma abin da guduma ta ɓalle ya tafi kenan ba maida shi, shi ya sa da yawansu sai sun fara gwada siffar da yumɓu tukun.

Tambaya daga wani ɗan makaranta a Tawa: Malam tulun innata shina tsatsafo da ruwa amma kofin tangaran bai yi, alhali an ce muna duk ƙasa ce. Ƙaƙa haka?

Amsa: Ɗana ba a yi maka ƙarya ba, duk ƙasa ce, bambancin na ga irin ƙasar da kuma wutar. Matan Bubon nan kusa da Yamai ko maginan Mirya suna gina tulu da hannu, su bar shi ya sha iska, su jera a fili su lulluɓe da itace da ciyawa su cinna wuta, zafin bai kai digiri 1000 ba, sai tulun ya fito da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsatsafowa iska ta busar da shi ta tafi da zafin, shi ya sa ruwan tulun inna ke sanyi ko a watan Afrilu ba tare da firigo ba. Ni ban ɗauki wannan aibi ba sam, gwaninta ce. Tangaran kuwa farar laka ce da ake ce ma kawolin, ana gasa ta cikin rufaffen murhu zafi ya wuce digiri 1200 har ƙofofin su toshe, kuma santsin nan na bayan kofin gilashi ne siriri ya narke a kai. Akwai wadda ta haɗa biyun, Ladi Kwali ta Najeriya da hotonta ke kan naira 20, a gida ta koyi gini sannan a 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, tana gina randunan Gwari da zanensu ana gasa su da babbar wuta.

Tambaya daga wani mai shago a Bukoki: Na kai gilashin gefen mota a rage min shi in sa ma taga, mai yankan ya ƙi ko taɓawa. Rainin wayo ne?

Amsa: A'a Alhaji, taimakonka ya yi. Abin yankan nan ba yanka yake ba, layi kawai yake ja, sai a danna gilashin ya karye bisa layin. Na gefen mota kuwa an gasa shi sama da digiri 600 aka huce shi da iska nan take, bayanshi a matse cikinshi a ɗame, da an ji mishi rauni mai zurfi gaba ɗaya zai watse ƙanana kamar tsakuwa. Irinshi tun kafin gashi ake yankawa a huda. Ka auna tagar ka je a yanko maka na fili, mai milimita 5 ya isa in ba babba ba ce.